Maɓallan da Ba Su da Suna

Bu Warsiti tana da shekara tara zazzaɓi ya tafi da idanunta. Yanzu ta haura hamsin, kuma a gidan tausa na ƙungiyar makafi da ke bayan tsohuwar kasuwar birnin Solo, inda suke aiki ita da mijinta Pak Darmaji, wurinta ake kai ƙara idan wayar wani ta rikice. A can, don girmamawa, Bu ake kiran babbar mace, Pak kuma babban namiji. Tata wayar magana take yi. Duk inda yatsa ya sauka, wata murya za ta faɗi abin da ke wurin. Ita kuwa ta ƙara wa muryar sauri har masu ido in sun ji sai su ce tsakuwa ake zubawa a kwano.

Masu zuwa tausa ba sa rasa ra'ayi. Mutum yana kwance rub da ciki, fuska a matashi, amma bakin bai huta ba. Wanda ya fi kowa shi ne Pak Suroto, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zuwa duk Talata.

"Facebook ya zama zauren tsofaffi irina, Bu," in ji shi. "Jikokina duk sun gudu can manhajar da ake rawa. Ni dai kwamfutar nan ba ta ƙare mu da komai ba. A zamaninmu lokacin jirage talatin a kaina yake."

"To ina ya tafi yanzu, Pak? Makon jiya takalmin wani ka sa ka tafi gida."

"Sun yi kama ne!"

"Kwanta da kyau, ka bar kafaɗar nan ta saki."

Akwai wata manhaja mai suna Lampah da Bu Warsiti ta ɗauka kamar sandarta ta biyu. Wasu matasa ne a garin suka yi ta. Takan faɗa maka motar bas da ke tafe, minti nawa ya rage, da tashar da za ka sauka. Da ita ta yi shekara biyu tana zuwa garin Kartasura duk Lahadi ita kaɗai, wurin 'yarta da jikarta, ba tare da ta riƙe hannun kowa ba.

Wata Lahadi ta isa bakin titi da ƙullin soyayyen rogo a jaka, ta buɗe manhajar, ta ɗora yatsa.

"Maɓalli," in ji muryar.

Ta matsa gaba. "Maɓalli." Ta sauka ƙasa. "Hoto. Maɓalli. Maɓalli."

Ashe manhajar ta sabunta kanta, an kwashe rubutu an zuba zane-zane. Ta daɗe a tsaye, motoci suna tsayawa suna wucewa. Daga ƙarshe ta tambayi wani mutum ko motar da ta tsaya ta Kartasura ce, ya ce mata e, wannan ce, yana sauri, ta hau. Sai da ta ji kwandasta yana kiran unguwannin gabas ta gane an kai ta akasin inda za ta. Ranar ba ta ga jikarta ba. Ta dawo gida da rogon ya yi sanyi, ta ajiye shi gaban Pak Darmaji.

Washegari ta sa shi ya riƙe mata waya ta yi bidiyo. Shi ma ba ya gani, don haka rabin bidiyon silin ne da fanka, amma muryarta ta fito tar. Ta yi bayani, ta sa wayar ta yi ta cewa "maɓalli", ta ɗora a shafin kamfanin da ya yi manhajar.

Kafin azahar tsokaci ya cika, wayar tana karanto mata ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce sabon tsarin ya fi kyau nesa ba kusa ba, tsofaffi ne ba sa son canji. Wata ta ce, "Allah sarki, ki riƙa tambayar mutane mana, Bu." Wani kuma ya ce ƙarya ce, me makauniya za ta yi da waya, wani ne ya shirya mata don neman mabiya. Kamfanin ya amsa da cewa sun gode, ra'ayinta yana da muhimmanci a wurinsu.

"Bar su, Bu," in ji Pak Darmaji. "Za ki sa wa kanki hawan jini."

"Ka ji wanda ya ce in tambayi mutane? Ai na tambaya."

Ranar Talata Pak Suroto ya saurari labarin har ƙarshe, ya ɗago kai daga matashi. "Ban faɗa miki ba? Kwamfuta!" Sannan ya ce, "Ofishin kamfanin nan yana saman wani shagon tabarau, na san wurin. Gobe ƙarfe tara zan zo in ɗauke ki."

Ya zo kuwa, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki. Ta ji ƙamshin ajiya a jikinta tun daga ƙofa.

Ofishin sanyi ƙalau, ga ƙamshin kofi, ga ƙarar yatsu a kan kwamfutoci. Shugaban wurin, wani saurayi mai ladabi da ake kira Mas Dito, ya sa aka kawo musu shayi. Mas ake kiran matashi a can, Mbak kuma matashiya. Sai dai duk maganar da zai yi, Pak Suroto yake fuskanta.

"Pak, ka gaya wa Bu mun ga saƙonta..."

"Ga ni nan, Mas," ta ce. "Idanun ne suka tafi, kunnuwan suna nan."

Ya ba da haƙuri, ya juyo gare ta, ya shiga bayani da ƙarfi kuma a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Sun yi bincike, in ji shi. Mutum tara cikin goma sun fi son sabon tsarin. Ya fi tsabta, ko ƙaramin yaro zai gane shi da kallo ɗaya.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ciro wayarta, ta buga fuskarta da yatsu uku, hasken ya ɗauke, fuskar ta zama baƙa ƙirin, muryar kaɗai ta rage. Ta rage mata sauri sosai.

"Na sassauta ta saboda ku yara," ta ce, ta miƙa masa. "Kai ka gina gidan nan, Mas. Nemo min motar Kartasura."

Ya yi 'yar dariya ya karɓa. "Maɓalli," in ji wayar. Ya ce wannan ai na nema ne, ya danna. Wayar ta ce, "Hoto." Ya koma baya. "Maɓalli. Maɓalli." Ƙarar kwamfutocin ta fara raguwa, ta ji kujeru suna matsowa. Ya ce a bari, ya tuna, na uku daga hagu ne. Ya danna, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata yana son fita daga manhajar gaba ɗaya.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

"Yi a hankali, Mas," in ji Pak Suroto yana kurɓar shayi. "Motar ta wuce, amma wata na zuwa."

Mas Dito ya yi minti shida yana fama. Daga nan wata murya ta mace ta ce a ba ta ta gwada. Mbak Laras ce, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar. Ta taɓa sau huɗu kawai ta tsaya.

"Sunayen maɓallan suna nan a tsohuwar manhajar," ta ce a hankali. "Da muka sauya zanen ba mu mayar da su ba. Na rubuta a jerin gyare-gyare, aka ce a bari sai an samu lokaci."

Bu Warsiti ta ji numfashin Mas Dito ya sauya. Ba ta zo don ta ga bayansa ba, don haka ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Kai! Wannan kafaɗa ko katako? Ka zo gidanmu a gyara maka. Amma tukuna, Mbak, gyaran nan kwana nawa zai ci?"

"Idan na san abin da ya kamata kowanne ya faɗa, bai fi kwana biyu ba."

"To jawo min kujera."

Har la'asar tana wurin. Mbak Laras tana faɗa mata aikin kowane maɓalli, ita tana raɗa masa suna. Wani aka ce a kira shi "Binciken hanyoyi", ta ce ba wanda ke tsaye a rana yana binciken hanyoyi, a sa "Ina motata". Suka yi gardama a kan wani har Mas Dito da kansa ya goyi bayanta. Aka sayo shinkafa da kaza aka ci tare. Pak Suroto kuwa ya tara matasa uku yana ba su tarihin jiragen ƙasa, ba mai halin tashi.

Kwana biyun sai da ya zama tara kafin gyaran ya fito. A gidan tausa ta fara gwadawa, abokan aikinta sun kewaye ta. Ta ɗora yatsa.

"Ina motata," in ji wayar.

Wurin ya ɓarke da shewa. Wata ta rungume ta har ɗankwalinta ya zame. Pak Darmaji ya riƙa cewa a sake, a sake, shi bai ji da kyau ba, alhali kowa ya san ya ji. Lahadin nan ta hau motarta ita kaɗai, ta sauka daidai ƙofar layin 'yarta.

Tun daga lokacin kamfanin ba ya sakin sabon gyara sai ita da mutum uku daga ƙungiyar sun je sun gwada. Ranar Laraba ta ƙarshen wata suke zuwa. A zuwansu na uku an ɗauki sabon mai zane, wanda ya tarye ta da murna yana cewa ya yi wani abu da zai burge ta, launukan kaɗai abin kallo ne.

"Madalla, Mas," ta ce, tana laluben kujera. "Zauna kusa da ni mu ji abin da suke cewa."