Lemon Inna a Bokiti

Duk gidan hayar da suka tashi daga cikinsa, lemon tsamin Inna ne ke fara shiga mota, sannan katifa. A tsohon bokitin fenti yake, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Baba ne ya shuka shi, ya ce za a mayar da shi ƙasa ranar da suka sami gidan kansu. Allah bai nufa ba, Baba ya riga lemon shiga ƙasa.

Gindin bokitin ya yi tsatsa, saiwa na leƙowa ta hudojin. Saboda haka bayan 'yan kwanaki sai Inna ta ja shi ta sauya masa wuri.

"Kada ya saba," take cewa. "Ɗan haya ba ya saiwa."

Auta, 'yarta, tela ce. Kayan aikin ma'aikatan kamfanin sabulu take ɗinkawa, shuɗi a kan shuɗi, har idonta ya fara ganin shuɗi a bangon da ba shi da fenti. Ƙafarta na kan keke, zuciyarta na wani tsakar gida da ba ta taɓa gani ba, inda lemo ya yi inuwa, Inna na gyangyaɗi a ƙarƙashinsa ba ta sauraron takun kowa. Da wannan mafarkin ta ci shekaru, sannu sannu dai ba ta hana zuwa, har ta sayi gida a ƙarshen layin da ke bayan kamfanin. Ɗaki biyu ne da tsakar gida rabi siminti rabi ƙasa. In jirgin ƙasa ya wuce tagogi su yi ta kyarma, da yamma kuma iska ta kawo ƙamshin sabulu, unguwar duka ta zama kamar an wanke ta an shanya.

Washegarin tarewarsu Auta ta aro diga wurin mai walda na maƙwabta, ta fara haƙa rami. Inna ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Ke! Mai gida ya yarda?"

"Inna, ai ni ce mai gidan."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ji min yarinya! Ko uwargida ba ki zama ba, kin tsallake kin zama maigida. Cike ramin nan tun ba a kore mu ba."

Ba wai hankalin Inna ya gushe ba. Ta san an saya, a gabanta aka miƙa makulli. Jikinta ne bai ji labari ba. Rediyo a ƙasa ƙasa take kunna shi. Madubinta na jingine a ƙasa don kada a buga ƙusa a bangon mutane. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta miƙe tana gyara mayafi, bakinta ya riga ya haɗa ban haƙuri. Bokiti kuwa yau yana bakin famfo, jibi yana bayan ƙofa. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don ba don kanta ta sayi gidan ba.

Wata rana da la'asar tsohon da ya sayar musu da gidan ya zo ɗaukar tsaninsa da ya bari. Inna ta durƙusa tana ba shi haƙuri a kan ruwan wanki da ya kwanta a tsakar gida. Tsohon bai ma shigo ba. Ya tsaya a waje, ya tuɓe takalmi, ya leƙa yana neman Auta.

"Mai gida, a ba ni izini in shigo?"

Auta ta ce ya shigo. Inna ta bi shi da kallo har ya fita da tsaninsa yana godiya.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Wata safiya Auta na kan keke sai ta ji sallama a ƙofar ɗakinta. Inna ce, ta sa mayafinta na fita unguwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

"Mai gida, wata alfarma na zo nema. Wani ɗan lemo gare ni."

Auta ta tsayar da keken. Ta daure ta gyara zama, ta ɗaure fuska kamar yadda ta ga masu gidaje na yi tun tana ƙarama.

"To, baiwar Allah, an ba ki. Amma da sharaɗi, ba ke ba tashi daga gidan nan."

Ta fita da sauri don kada Inna ta ga idonta, ta kama bokitin za ta kai shi inda ta taɓa haƙa ramin. Ya ƙi motsi. Ta sa ƙarfi, bokitin ya yi ƙara, ƙasar da ke gindinsa ta ɗan ɗaga. A saman reshe akwai wasu fararen furanni ƙanana da ba ta lura da su ba.

"Inna, yaushe rabon da ki ja shi?"

Inna ta cire mayafin, ta rataye shi a igiyar shanya.

"Bar shi, 'yar nan," ta ce. "Ya riga ni tarewa."