Jakadancin Auta

Tana goge kwalaben maganin tari rediyon da ke kan firij ya fara karanto sunayen waɗanda sabon shugaba yake son turawa jakadanci. Ko rantsar da shi ba a yi ba, amma tun da ya ci zaɓe bakinsa bai huta ba. Kwanan baya ya ce duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da ƙasar tsallaken iyaka sai an warware ta, wai an daɗe ana cutarmu. Mai Kemis, kamar yadda 'yan layin ke kiran ta, ba ta ji daɗin maganar ba. Rabin abin da ke kan kantocinta daga can yake shigowa, har allurar masu ciwon suga. 'Yarta ta fari ma a can take aikin jinya.

Sai ta ji sunan ƙaninta. Shi za a tura tsallaken.

Ta ajiye tsumman ta nemi kujera. Auta ne fa, wanda ta goya a bayanta, wanda gari ke kira Tsawa tun yana makaranta, don in ya buɗe baki har kare sai ya canja hanya. Tayil da kayan banɗaki yake sayarwa, ya kuma yi wa jam'iyya hidima da motocinsa lokacin kamfe. Hannunsa a sake yake, ba ya iya wuce mai yunwa. Amma bai taɓa zaman sulhu an tashi lafiya ba. Ranar da aka tura shi ya shirya ƙanwar matarsa da mijinta, sai da aka nemo mai shirya shi da mijin.

Wanda ya fara shigowa Baba Direba ne, tsohon matuƙin tirela da ke karɓar allurarsa ta ciwon suga a wurinta.

"Allah ya sanya alheri, yau kun zama manya," in ji shi. "Ki ƙara mini kwalba biyu a kan ta kullum."

"Baba, ba ka da firij. Lalacewa za su yi."

"In aka rufe iyakar fa? Na tsufa a kan hanyar nan, 'yata. Mutanen can ba sa son a ɗaga musu murya. Ba ina zagin ɗan'uwanki ba ne."

"Na sani, Baba."

Da rana 'yarta ta kira. Ta ce abokan aikinta sun kewaye ta suna nuna mata wani bidiyon kamfe, inda kawun nata ya hau kan mota yana cewa mutanen tsallake ba su iya komai ba sai lissafin abin da ke aljihun maƙwabci.

"Umma, na ce musu ban san shi ba. Ga takardar izinin aikina ta kusa ƙarewa."

Mai Kemis ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo, ta tari mota.

Wurin Auta cike yake da 'yan murna, har wasu sun zauna a kan buhunan siminti. Ta ratsa su ta shiga ofishinsa na baya, inda samfurin tayil ke jingine a bango. Ta tarar tela yana auna masa kafaɗa. Yana ganin ta ya sallami kowa.

"Yaya, murna kika zo yi mini ko jan kunne? Fuskar nan na san ta."

"Ka ce musu ba ka so."

Ta shirya jin tsawa, amma bai yi ba. Ya zauna a bakin tebur yana murza igiyar awon da tela ya manta.

"Ni ma a rediyo na ji. Hukumar gidaje na roƙa, abin da na sani ke nan. Da na kira wani na kusa da shugaba, cewa ya yi mai kaifin baki shugaban yake so a can, wanda zai nuna musu mun daina sunkuyar da kai."

"Wato ba jakada yake nema ba, mai faɗa yake nema."

"To in na ƙi, kin ɗauka wa za su kawo? Wani mai bakin za su samo, wanda ba shi da 'ya a can."

Ta dube shi, ta ga furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne, ta kuma gane tsoro yake ji.

"Shi ke nan," ta ce. "Gobe ka zo shago ka zauna a benci. Sharaɗi ɗaya: ba za ka yi magana ba sai mai magana ya gama."

Ya zo kuwa, ya kuma ci gaba da zuwa. Ƙaton mutum a kan ɗan benci, tsakanin sikelin awo da kwalin audugar ciwo. Baba Direba ya ba shi labarin yadda ake kwana a layin iyaka in manya suka saɓa. Wata mai sayar da yadi ta ce ita ba ruwanta da wa ya cuci wa, a bar mata hanya a buɗe. Wani malamin makaranta da ɗansa ke karatu a can ya dube shi ido da ido ya ce masa bai cancanci kujerar ba, akwai waɗanda suka yi rayuwarsu a aikin jakadanci an tsallake su. Mai Kemis ta ga jijiyar wuyan Auta ta tashi, ta buga cokalin awon magani a kan kantar shagon. Ya haɗiye fushinsa, ya ce, "Ci gaba, Malam."

Ya nemi gidan wani tsohon jakada da ya yi ritaya, ya riƙa kai masa gaisuwa yana tambayoyi. Ya sa 'yar yayarsa tana koya masa gaisuwar mutanen can ta waya, tana dariya har da hawaye, wai in ya ce barka da asuba kamar zai kama ɓarawo. Mai Kemis ba ta daina fargaba ba, amma ta koma cin abincinta da daɗi.

Ana saura kaɗan a yi rantsuwa labari ya fito cewa ƙasar tsallake ta ce ba za ta karɓe shi ba, saboda abin da ya faɗa a kan mota. Sabon shugaba ya fusata, ya ce to kujerar ta zauna ba kowa har sai sun koyi ladabi.

Washegari Auta ya shigo da rigarsa ta aiki, da ƙurar siminti a takalminsa. Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Kin samu abin da kika roƙa, Yaya."

"Ban roƙi a bar wurin ba kowa ba."

"Bakina ne ya ja. Da ma na san wata rana zai kai ni." Ya shafa kansa. "Yarinyar nan fa? Ko ta dawo gida kafin abin ya yi tsami? Ni zan nema mata asibiti a nan."

"Na tambaye ta. Ta ce tana da marasa lafiya a hannunta, za ta zauna ta ga abin da za su ce game da takardar."

"Taurin kan naku ne."

"Namu dai."

Ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wata mata ta shigo da takardar likita a hannu, tana tambaya ko akwai maganin hawan jini irin wanda ta saba sha. Mai Kemis ta miƙe ta duba kantar sama. Akwai, ta ce mata, har yanzu dai akwai.