Duwatsun Wuyan Nadai

Tun da Ɗantala direba ya ajiye matar nan a rumfata ya ce in zuba mata shinkafa shi zai biya, na san da walakin, goro a miya. Mutumin da ko ruwan leda bai taɓa saya wa kowa ba.

Doguwa ce, baƙa wuluk, wuyanta cike da duwatsun ado ja da fari da shuɗi, zagaye bisa zagaye har kafaɗa. Ba ta jin ko "zo" da Hausa. Ni kuwa na yi zaman takari a Jidda, sai na gwada ta da Larabci. Ta ɗago da sauri. Sunanta Nadai, daga Sudan ta Kudu, ƙabilarsu Didinga. Ta ce garinsu kan tsaunuka yake, hazo na kwana a bakin garken shanu.

"Yayana yana jirana a Ɗan Issa, ƙetaren iyakar nan," ta ce. "Ina goye ya bar gida, bai san fuskata ba. Waɗannan zai gane. Uwarmu ce ta jera su."

Wayarta an sace tun a hanya. Lambar yayan kuma tana hannun Ɗantala.

Sai ga shi ya dawo yana kaɗa makulli. "Hajiya, gaya mata ta cire tarkacen ga. Jami'ai na gani sun san baƙuwa ce."

"Mi ya dame ka da wuyanta?" na ce.

Munafuki! Ya juya wajen Salmatu mai fura ya ɗaga murya, wai a dubi mace kai buɗe, wuya buɗe, a garin Musulmi. Salmatu kuwa in dai neman lada ne ba ta tsayawa tambaya. Nan da nan ta zaro hijabi ruwan toka, irin wanda ake sayarwa dozin-dozin a kasuwar Jibiya, ta zura mata tana sa albarka. Duwatsun suka yi tudu a ƙarƙashi, Ɗantala ya ce ai ba ta saɓuwa, sai an cire.

Na ce mata da Larabci, "Ɗiyata, kada ki ba shi." Ta dube ni, ta dubi masu kaki a bakin shinge. Su ta fi tsoro. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, Ɗantala ya ƙulle a leda ya jefa gaban mota.

Da ya buɗe mata ƙofa na hango wasu mata uku a baya, duk cikin hijabi, ba mai motsi. Motar ba ta shiga layin shinge ba, ta karya ta bi hanyar daji. Masu fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur kullum nan suke bi, don haka ba wanda ya waiga. Ni dai ina ta kallon hanyar dajin, har miya ta kama ban sani ba.

Bayan la'asar wani dogon mutum ya tsallako daga ɓangaren Nijar. Ya tambayi 'yan canji, ya tambayi 'yan kabu-kabu, ya tambayi jami'ai, yana zagaya yatsa a wuyansa. Kowa ya girgiza kai, kuma ba ƙarya suka yi ba. Har ya iso rumfata.

Na san yayan Nadai ne, na gaya masa komai, har hanyar da suka bi. Ya kira lambar Ɗantala, a kashe.

"To me ta sa, uwa?" ya ce. "In yi tambaya a gaba."

"Hijabi," na ce. "Ruwan toka."

Ya juya ya dubi titi. Kasuwa ta tashi, mata na ta wucewa da kaya a ka, galibi cikin hijabi ruwan toka, ya bi wannan da ido, ya bi waccan. Ya sake juyowa gare ni yana jiran in ƙara wani abu.