Ragowar Ruwan Malam Jibrin

Harira ta samu jijiyar ke nan, Malam Jibrin ya janye hannunsa.

"Bari tukuna, Harira."

Ita nas ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Hayin Banki, kuma tun da ciwon ya kwantar da shi ita ke yi masa ƙarin ruwa. Ranta ya ɓaci, don ta san tsohon da taurin kai tun kafin ya bar aikin gwamnati.

Waya ce ta jawo. 'Yarsa Lubna, mai karatu a ƙasar waje, ta nuna masa wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, bayanta kamar kifaffen kasko. Ana jera su a tatsi shuɗin jininsu don gwada tsabtar allura da ruwan ƙari, wasu ba sa rayuwa bayan an mayar da su. Lubna na cikin masu neman dokar da za ta hana kama su.

Shi kuwa, ganin ciwon ya yi nisa, ya riga ya gama neman gafarar unguwa, har mai shayin bakin titi sai da aka kira masa.

"Mutane na roƙa, sun yafe," in ji shi. "Wannan halittar fa, ta ina zan roƙe ta?"

Harira ta kira Lubna. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Baba, ban nuna maka don ka ƙi magani ba. Yanzu akwai gwajin da ba ruwansa da jininsu."

Ya dubi Harira. "Wannan ledar ruwan da wanne aka gwada ta?"

Ta jujjuya ledar, babu abin da aka rubuta a kan haka. Da ta ce da sabon gwajin ne, da an wuce wurin. Bakinta ya ƙi.

"Wallahi ban sani ba, Malam."

Kukan 'yarsa na fitowa daga wayar. Can ya miƙo hannu.

"Sa min, don yarinyar nan ta samu barci. Allah Ya yafe mana."

Bai kai la'asar ɗin washegari ba.

Da maza suka fita da shi, Harira ta sauke ledar daga ƙusar bango, saura rabi. Ta nufi kwata, sai ta tsaya. Ta koma gindin zogalen tsakar gida, ta tsuguna, ta tsiyaye ruwan a hankali har ƙasa ta shanye.