Sisifus a Mashigar Kwarin Gawo

Kai ma ka bi ta nan. Ka sauka daga kan acaɓa, ka naɗe ƙafar wando, ka tsallake mashigar Kwarin Gawo a kan duwatsun da tsofaffi suka jera, ka ce musu sannu da aiki, ka kau da kai ka wuce Roni. Ba ka tambayi wanda ya ɗauko su ba.

Malam Ashiru ya san shi. Mahaifinsa ne, Malam Lauwali, wanda ke jan gayyar garin tun Ashiru bai shiga makaranta ba. Duk shekara kafin ruwan fari, maza su hau tsauni su sauko da duwatsu a ka su cike mashigar. Damina na yin tsakiya ruwa ya kwashe. Sannan a tura wakilai su yi wa ɗan siyasar da ya aiko da goro da lemo ranar aikin godiya. Gadar da ya yi alkawari kuwa, ko buhun siminti ba a gani ba.

Bana likita a Kazaure ya duba tsohon, ya ce ƙashin bayansa ya gaji, in ya sake ɗaukar kaya mai nauyi yana iya kwanciyar da ba tashi. Tsohon ya ce ya ji. Ya dawo gida ya sa ranar gayya.

Ashiru malamin adabi ne a sakandare, ya ɗauka labari zai yi abin da magiya ta kasa. Bayan la'asar ya sami dattawa a gindin durumi, ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba, a ba ni izini in ba da wani labari na Girkawan da."

"Ba mu, Malam," in ji Hamma, Bafulatanin da ke da garke bayan gari. "Ko Bunu ya yi barci mu huta da bakinsa."

"Kai dai buɗe kunne, tun da shanu ba sa yi maka hira," in ji Bunu, Babarbare mai kanti.

Ashiru ya ba su labarin wani sarki, Sisifus, mai wayon tsiya, wanda ya yaudari allolin da mutanen can suke bautawa, har ya ɗaure Mutuwa kanta. Zus, babban cikinsu, ya yanke masa hukunci: ya riƙa tura wani ƙaton dutse zuwa kan tsauni. Da ya kusa kaiwa sai dutsen ya kuɓuce ya gangaro. Ya sauko ya sake. Har abada.

Ashiru ya ce a ransa sun gane.

"Bai taɓa zubar da aikin ba?" in ji Bunu.

"Ba shi da iko ya..."

"Namiji ke nan," in ji Hamma. "Bai san alƙibla ba, amma ya san haƙuri. Ba irin Barebari ba."

Aka yi dariya. Malam Lauwali ya gyaɗa kai. "Da a garin nan yake, shi zan bar wa gayya."

"Azaba ce, Baba, ba yabo ba," in ji Ashiru. "Shi ya yi laifi. Mu me muka yi? A bar mashigar haka bana. Mu tashi gaba ɗaya mu je ƙofar gidan ɗan siyasar nan mu tsaya sai an ba mu gada. Muddin muna cikewa, ba wanda zai gina."

Tsohon ya dube shi, ba fushi a idonsa. "Masu alkawarin gada suna da kwalta ta zagaye, ɗana. Zubaida matarka fa? In naƙuda ta kama ta ruwa na tsakiya, ta ina za ka bi da ita?"

Ashiru ya miƙe, ya yi musu sallama ya koma gida.

Ranar gayya da hantsi ya hango mahaifinsa a kan tsauni, gammo a ka, ya rage tsawo yana cije leɓe, Hamma da Bunu suna cicciɓo masa dutse. Ashiru ya haura da farar rigarsa ta makaranta, ya zare gammon daga kan tsohon.

"Ku ɗora mini."

Suka ɗora. Wuyansa ya nutse, ya kama gangara.

"Ga Sisifu nan ya iso," in ji Hamma, matasa suka ɗauka suna maimaitawa. Sunan ya bi shi daga ranar. Tsohon ya zauna a inuwa, bayansa ya tsira, yana kallon ɗansa da alfahari. Kafin azahar dattawa sun gama shawara: daga bana Ashiru ne mai jan gayya, kuma tun da yana jin Turanci, shi zai yi jawabin godiya a gidan mai goro.

Kai da ka karanta, kada ka yaba masa. Ka san wanda kuka zaɓa, ka san ƙofar gidansa. Je ka tsaya a gabansa ka tambaye shi gadar, kuma in ya miƙo goro, kada ka karɓa.