Notin Birkin Baya

Wa ya karya wa Talha ƙafa? Tsatsa ce, ko kuwa mutumin da ya ga tsatsar ya bi ta da fenti? Mutanen ƙauyen ba su taɓa yin wannan tambaya ba. Abin da suka sani shi ne, Talha ya ari babur ɗin maƙwabcinsa Muhammad Sani zai kai tumatir kasuwar Danja, notin da ke riƙe birkin baya ya tsinke a gangare, tayar ta cije, ya faɗi. Suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sani kaɗai ke yawo da tambayar, tare da guntun notin, a aljihun rigarsa.

Takin zamani ne ya ci notin. Shekara huɗu Sani yana ɗaura buhunansa a bayan babur, garin yana zuba, raɓa tana jiƙa shi. Ana jibi Sallah ya lura notocin baya sun yi ja kamar bakin mai cin goro. Ya yi niyyar zuwa wurin bakanike, sai ya ga gwangwanin fenti ruwan azurfa ya fi kusa. Ranar idi babur ya yi ta walƙiya, har Talha ya ce amarya aka yi masa.

Yanzu ga Talha kwance a zaurensa, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, damina kuma ta ƙarato.

"Mutumina, ina notin nan?" in ji Talha. "Kawo in ga jarumin da ya kayar da ni. Ni da ko a kokawa ba a taɓa kai bayana ƙasa ba."

"Me za ka yi da shi? Ka ji da ƙafarka."

"Kai dai akwai rowa. Har tsohon ƙarfe?"

Sani ya yi dariyar yaƙe, ya dafe aljihu kamar mai gyara riga, ya tashi.

Cokalin matarsa Barakatu ne ya sa shi hanya. Yana cin fate ya tsaya yana jujjuya shi. Shekara goma sha biyu cokalin nan yana shiga miya da gishiri da kanwa, yana kwana cikin ruwan wanke-wanke, ko ɗigon ja babu a jikinsa. Shi ba ƙarfe ba ne? Me aka ba shi da aka hana noti?

"Malam, fate ake sha, ba cokali ba," in ji Barakatu.

Washegari ya tura babur har wurin bakanike a Danja, ya ce yana son a cire kowane noti a sa irin na cokali. Bakaniken ya ce akwai su, amma shi bai taɓa ajiyewa ba, masu babur ba sa tambaya. Ya fasa wata tsohuwar lasifikar rediyo, ya ciro mayen ƙarfen da ke bayanta, ya miƙa masa.

"Ka riƙa kara wannan. In ya kama da ƙarfi, ba shi ba ne."

Abin ya ɗaure wa Sani kai: ƙarfen da mayen ƙarfe ba ya so. A hanyar gida ya kara shi a kwaɗon ƙofa, ya kara a bakin fartanya, ya kara a kofin shan ruwan masallaci, har liman ya tambaye shi ko lafiya.

A Malumfashi wani mai kayan babur ya zubo masa notoci farare tas, suna ɗaukar ido.

"Waɗannan, Alhaji, ko a rijiya ka jefa su, jikokinka za su tsamo su haka."

Sani ya kawo mayen ƙarfe kusa. Notocin suka yi tsalle suka manne, ƙas! Ya ɗauki ɗaya ya goga a siminti, farin ya kankare, baƙin ƙarfe ya leƙo. Ya ɗago zai ce wa mutumin bai ji tsoron Allah ba, har ya buɗe baki. Sai ya ji nauyin abin da ke aljihunsa. Ya ajiye notin a hankali, ya yi sallama.

A Funtua aka kwatanta masa shagon Chizoba, wadda kowa ke kira Maman Chidi. A garin aka haife ta, ta gaji sana'ar daga mahaifinta, Hausarta kuwa ko tsohuwar cikin gari sai haka. Notocinta suna cikin gwangwanayen madara, jere har rufi. Ta sauko da guda, ta zuba masa kaɗan a tafi. Ba su da ƙyallin na Malumfashi, farinsu a dushe yake. Ya kara mayen ƙarfe, suka yi kamar ba su san da shi ba.

"Ikon Allah! Me ke cikinsu, Maman Chidi?"

"Haɗi ne tun daga narka shi. Farin ba a fata yake ba, har ciki ne. Ko ka yanka shi biyu haka za ka gani. Wace lamba kake so?"

Ya ciro wani tsinke da ya auna tsawon da shi.

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Malam, tsire za mu yi? Tsinke ba ya gaya mini kauri, ba ya gaya mini haƙora. In haƙoran ba su dace ba, ka kashe ramin. A wannan sana'a tsohon ake kawowa. Ina tsohon?"

"Ya karye."

"Ko gawarsa ce, ina so in gani."

Ya duba hagu da dama. Nan dai ba wanda ya san shi. Ya ɗora guntun a kan tebur. Ta ɗaga shi wajen haske, ta dubi bakin karayar, ja har tsakiya. Sannan ta sa farce ta kankari kan, azurfar ta ɓare ta faɗi. Ta dubi Sani sau ɗaya, ta mai da ido kan notin.

"Na birkin baya ne wannan. Wani ya ji ciwo?"

"Ƙafa. Maƙwabcina."

"Allah ya ba shi lafiya." Ta ture gwangwanin gefe. "Na murfi da na fitila da na wurin ɗaura kaya, zan ba ka mara tsatsa. Na birki ba zan ba ka ba."

"Ai saboda shi na zo!"

"Na sani. Farin nan da nake da shi bai kai baƙin mai tauri ƙarfi ba, birki kuwa ja yake sha. Kuma in ya gaji ba ya nunawa, fes za ka gan shi har ranar da zai tsinke. Baƙin zai yi tsatsa, ba na musu. Amma ka shafa masa mai, ka riƙa dubawa. Wata nawa wannan ya yi yana ja kafin ya karye?"

Sani ya mai da ido kan guntun. Ba ta sake tambaya ba. Ta ƙulle masa fararen a leda ɗaya, baƙin guda ɗaya a takarda, ta turo masa guntun da yatsa.

"Tafi da gawarka. Ba na ajiye na mutane."

Da la'asar ya iso gida, hadari yana haɗowa ta gabas. Bai shiga ba, ya zarce zauren Talha. Ya same shi ya jingina da bango, da wuƙa a hannu yana feƙe ƙotar fartanyar da ba zai riƙe bana ba.

"A'a, mutanen Funtua! Ina tsarabata?"

Sani ya zauna a gefen tabarma. Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe bai fitar ba. Sannan ya kamo hannun Talha, ya buɗe tafin, ya ɗora masa guntun notin.

"Ga shi. Ka duba kansa da kyau, ka sa farce. In ka gama, ni zan gaya maka ranar da na shafa masa fenti."

Talha ya ajiye wuƙar, ya matsa wajen hasken ƙofa.