Kuran a Ƙirjin Magagi

Magagi mahauci ya yi kwana shida bai yi wanka ba.

Abin ya fara ne ranar da ya faɗi a kasuwar Filinge, aka kai shi Yamai. Lokotoro, wato likita, ya manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane. Ya ce kowace zuciya da kuran ɗinta, wato wutar lantarki, take bugawa, amma ta Magagi kitse ya danne, kuran ɗin yana tuntuɓe. Magagi bai riƙe komai ba sai kalma ɗaya: kuran. Ya taɓa ganin akuya ta taka wayar kuran cikin ruwan sama ta mutu nan take.

Matarsa Bintu ta ɗaure kayanta. "Malam, in rana ta hwaɗi ba ka yi wanka ba, Bankuku za ni, gidanmu."

"So kike in mutu? Kuran da ruwa ba su gamuwa!"

Sai ta aika aka kira Sahabi mai gyaran rediyo, taubashin Magagi. Ya shigo yana toshe hanci.

"Kai bawana, tun daga tasha ni ji warinka. Na ɗauka wata jaka ta mutu."

"Tsinanne, mi ka sani ga zuciya?"

"Na san waya." Sahabi ya ciro batir ya ɗora a tafin hannunsa. "Naka kuran bai kai na wannan ba, kuma can ciki shike, ruwa ba su isa gare shi. Amma aza buhun hatsi bisa waya ka gani. Magana ta riƙa yankewa ke nan. Buhun ga shi nan." Ya caki tumbin Magagi da yatsa. "Bari gabzar kitse, ka tahi gona da ƙahwa. Jakinka ma shi huta."

Magagi ya dubi ƙullin kayan Bintu, ya dubi inuwa ta fara tsawo.

"Kitsen mu yi maganatai gobe," ya ce. "Kawo ruwan."

Ya shiga makewayi, amma sai da ya sa Sahabi ya tsaya a bakin zana da busasshen icce, ko da zai kama da wuta a ture shi. Aka ji ƙwaryar farko ta zuba. Shiru.

"Kana da rai?" in ji Sahabi.

"Ce ma Bintu ta miƙo sabuni."